Jan Irin da Kalibu Ya Kawo

Kalibu Zacharia ya sayi tsohuwar masara wadda ta shekara uku a sito, ƙwari sun gama cinye cikinta, ya sa aka rina ta da jar kala, ya ɗura ta a buhunan gwamnati ya ce iri ne. Bai yi haka cikin rashin sani ba. Ɗan manomi ne, a Duvu aka haife shi, da gyaɗar uwarsa aka yi masa karatun aikin gona, kuma ya san abin da ke samun gida idan shuka ta ƙi fitowa. Mutanen da ya nufa da wannan masara su ne suka goya shi yana jariri.

Ba shi kaɗai ba ne a cikin laifin, amma shi ne hannun da ya taɓa masarar. A samansa akwai Kamfanin Zangarniya, wanda bai taɓa mallakar ko gonar barkono ba, amma aka ba shi kwangilar raba irin masara a ƙarƙashin wani shiri da aka sa wa suna Iri Ga Kowa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai kamfanin shi ne ya ba shugaban ƙasa na wancan lokaci jirginsa ya yi yawon neman ƙuri'a. Shi kuwa shugaban mutum ne da ya raba kowane gari biyu. A bencin mai shayi guda za ka sami wanda ke cewa Allah ne ya aiko shi, kusa da wanda ba ya iya jin sunansa bai yi tsaki ba. Abin da kamfanin ya turo Mubi sababbin buhuna ne, babu kome a cikinsu, an buga hoton shugaban yana murmushi a jikin kowanne, tare da umarnin cewa kodinetan shiyya ya nemo iri a inda yake. Kodinetan shiyya shi ne Kalibu.

Ranar da za a raba irin, Miriyamu Levi ta tsuguna a bayan ɗakin girkinta a unguwar Nassarawo ta Mubi da sassafe, tana warware wani jiƙaƙƙen buhun algarara. Malamar gona ce, shekararta ashirin da tara a kan aikin. Kwana shida da suka wuce ta jera ƙwayar masara ɗari a cikin buhun, goma-goma, ta naɗe shi, tana yayyafa masa ruwa safe da yamma. Iri mai kyau casa'in ke fitowa, ko fiye. Ta bi masu tsiro da ɗan tsinke. Goma sha tara. Ta sake bi daga ɗaya gefen, ko Allah zai sa kuskure ta yi. Ba ta yi ba. Sauran sun kumbura, sun yi baƙi, suna tsami.

Kajinta ne suka fara tona asirin. An ba ta ƙaramin buhu na gwaji ta kai gida, bakinsa ya kwance a kan babur, jan irin ya zube a tsakar gida, kafin ta ɗauko tsintsiya kaji bakwai sun rufe shi. Duk wanda ya taɓa riƙe irin kamfani ya san jan nan magani ne, guba ce da ke hana ƙwaro da tsuntsu cin shuka a cikin ƙasa. Miriyamu ta jawo kujera ta zauna tana jiran kajinta su mutu. 'Yarta Janet ta ce a yanka su tun da sauran numfashi, ita kuwa ta tambaye ta wa zai ci naman. Suka yi ta jira har yamma. Kaji suka sha ruwa, suka hau katanga, washegari uku daga cikinsu suka yi ƙwai. Sai ta ɗebi irin ta wanke a kwano. Ruwan ya yi ja kamar zoɓo, babu warin magani ko kaɗan, masarar kuwa ta fito da 'yan ƙofofi a jikinta, rabinta na yawo a saman ruwa.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne bakinta. Duk ranin nan ita ce ta bi ƙauyukan Duvu a kan babur, gida-gida, tana cewa a rubuta suna, iri na zuwa mai ba da ninki biyu. Mutanen can ba su cika yarda da takarda ba, balle rediyo, amma sun yarda da Malama Miriyamu, domin tun tana budurwa take shiga gonakinsu kuma ba su taɓa kama ta da ƙarya ba. Saboda maganarta gidaje da yawa suka niƙe irin da suka ajiye, suka yi tuwo da shi a watan da hatsi ya yi tsada. Shekaranjiya kuma aka yi ruwan shuka, ƙasa ta jiƙu sosai. Duk abin da aka raba yau, gobe da hantsi yana cikin ƙasa, kuma babu wani irin da za a sake shukawa idan ya ruɓe.

Ta naɗe buhun, ta sa a leda, ta cusa a jaka.

A siton shirin da ke unguwar Lokuwa ta tarar ana lodin babbar mota. Kalibu na tsaye a bakin ƙofa, ya sha sabon ɗinki mai hoton shugaban ƙasa a ƙirji da baya. Ya tare ta da fara'a, ya kira ta Yaya, kamar yadda ya saba tun lokacin da ya fara aiki a ƙarƙashinta, kafin siyasa ta ɗaga shi ta ɗora shi a kanta. Ya tambayi Janet, ya tambayi ciwon gwiwarta. Sannan ya ciro takarda da biro. Shaida ce cewa malamar gona ta gwada irin ta same shi lafiya, kuma ba a raba iri sai da wannan sa hannu.

Ba ta karɓi biron ba. Ta ja shi bayan sito, ta shimfiɗa buhun a kan bulo.

Sau ɗaya ya duba ya kau da kai. Ya ce ruwan rijiyarta ne mai kanwa. Ta ce ruwan da take sha ne, kuma da shi take gwada iri tun kafin ya yi aure. Ya ce to buhun ne ya tsufa. Ta ce a irin wannan buhu ta koya masa gwajin, shi ya jera ƙwayoyin da hannunsa.

Ya rage murya ya ce, "Yaya, ki saurare ni. Ni ma ba a ba ni abin da zai sayi iri na gaskiya ba. Kafin kuɗin ya iso Mubi na sama sun ci, na tsakiya sun ci, ni ƙashi aka jefo mini. Kuma ai zai fito. Goma sha tara ba fitowa ba ce?"

Ta ce, "Kalibu, gwaggonka Ruth tana cikin waɗanda suka niƙe irinsu."

Ya yi dariya ya ce Yaya ba ta canjawa. Sannan dariyar ta ɗauke. Ya tuna mata wani malamin makaranta da ya rubuta a waya cewa takin shirin yashi ne, yau watansa biyu a tsare. Ya dafa ɗaya daga cikin buhunan da ake lodi, ya ce wanda ya zagi buhun nan, hoton da ke jikinsa ya zaga. Ya tuna mata saura wata goma sha huɗu ta ajiye aiki lafiya ta koma kiwon kajinta. Ya mayar da takardar aljihu ya ce ba sauri, a wurin taro za ta sa hannu, gaban kyamara, hakan ma ya fi kyau.

Tana fitowa ta bi ta bayan motarsa. Direba ya buɗe but yana gyara kaya, sai idonta ya faɗa kan wasu 'yan jakunkuna masu ƙyalli, ɗinkakku, na wani dillalin iri da ta sani a Yola, an lulluɓe su da tabarma. Ido ne na shekara ashirin da tara, ya auna su ba tare da ta sa shi ba: daidai abin da zai ishi eka takwas. Gonar uban Kalibu eka takwas ce, tana bakin hanya a shigar ƙauyensu, kuma makon jiya tarakta ta yi mata huɗa.

A gaban babbar motar ta zauna, jakarta a kan cinya. Suka nufi ƙauyensu Kalibu a Duvu, suka bar kwalta, suka tsallake rafin da ruwan shekaranjiya ya fara jiƙa yashinsa, suka fara hawa ta tsakanin duwatsu. Ko'ina gonaki ne a share, ƙasa baƙa, ba a shuka kome ba. Mata a bakin hanya suna ɗaga mata hannu, wata ta yi guɗa, wani tsoho ya ɗaga sunguminsa sama yana cewa Malama ta cika alkawari. Ta ɗaga musu hannu ita ma, domin ba ta san abin da za ta yi da hannun ba.

A filin makarantar firamare aka kafa rumfa. Akwai kujerun roba, da lasifika, da 'yan sanda biyu. Jauro Gabdo, dagacin ƙauyen, yana zaune a tsakiya da sandarsa, liman a damansa, fasto a hagunsa. Wakilin kamfani, wani saurayi mai suna Eric da ya zo daga Legas, yana can gefe cikin fararen takalma, ba ya jin Hausa ko ta gaisuwa, shi dai hankalinsa na kan mai ɗaukar hoto da ya zo da shi. Liman ya yi addu'a, fasto ya yi. Kalibu ya karɓi abin magana ya yi rabin awa yana yabon shugaban ƙasa, Ridwan Adi, shugaban matasan jam'iyya na ƙauyen, yana ba da tafi a duk inda ya tsaya numfashi. Daga ƙarshe Kalibu ya buɗe takardar a kan tebur, ya ce yanzu yayarsa kuma malamarsa za ta sa albarka.

Miriyamu ta tashi. Gwiwarta ta riƙe, ta ɗan dafa kujera. Ta ji tsoro, kuma babu amfanin a ce ba ta ji ba. Mace ce gwauruwa mai 'ya a makaranta, ta san yadda ɗakin tsare mutane yake domin ta taɓa kai wa wani abinci. Ta isa teburin, ta ciro buhun daga leda, ta shimfiɗa shi a kan takardar.

Ta ce, "Ni ce na ce ku rubuta suna. Ni ce na ce iri mai kyau na zuwa. Na faɗa ban gwada ba, wannan laifina ne, ku yafe mini. Yanzu na gwada. Cikin ɗari, goma sha tara suka fito. Ba zan sa hannu ba, kuma ina roƙonku kada ku shuka shi."

Ta maimaita da harshen Gude saboda tsofaffin mata.

Filin ya ɓarke. Ridwan ya hau kan benci ya ce 'yan adawa sun saye ta, ta faɗa wa jama'a a wane gida aka yi cinikin. Wani daga can baya ya amsa masa cewa shi shugaban nasu tun asali ɓarawo ne, ai ko allura ya raba sai an tarar ba ta da kafa. Nan take magana ta bar masara ta koma kan tsadar mai, da hanyar da aka yi alkawari, da wanda ya yi dangwale sau biyu a zaɓen da ya wuce. Ɗan'uwa yana nuna ɗan'uwa da yatsa. Babu mutum ɗaya da ya matso ya dubi buhun da ke kan tebur. Ɗaya daga cikin 'yan sandan ya zo ya tsaya a bayanta. Kalibu ya karɓi abin magana, ya yi murya irin ta mai ta'aziyya, ya ce a yi wa Yaya uzuri, girma ya kama ta, kuma maganin gwiwar da take sha yana da ƙarfi.

Miriyamu ta ga ta faɗi gaskiya kuma gaskiyar ba ta hana kome ba. Rabin ƙauyen za su shuka jan irin gobe don su nuna suna tare da shugaba. Ɗaya rabin za su gama zagi su karɓa su shuka, domin ba su da wani.

Ba ta nemi abin magana ba. Ta ratsa ta gefen ɗan sandan ta nufi tabarmin mata, ta durƙusa da gwiwar nan mai ciwo a gaban Hamsatu, wadda ta fi kowa shekaru a ƙauyen, kuma a ɗakinta ake samun irin kowane abu da aka taɓa shukawa a ƙasar. Ta ɗaga murya yadda matan kusa za su ji.

"Kaka, lokacin da farar gyaɗa ta shigo garin nan, a gonar wa aka fara shuka ta?"

Tsohuwar ta dube ta, ta ce a gonar Elkana mana, shi ya kawo ta daga Kamaru a cikin hularsa. Miriyamu ta ce gajeriyar dawa fa? Hamsatu ta ce wannan marigayi Mahmoud ne, shi ya kawo, gonarsa aka fara.

Al'ada ce da kowane mai furfura a wurin ya sani. Duk wanda ya shigo da sabon iri daga waje, gonarsa ake fara shukawa, gaba ɗayanta. Gari ya taru ya taya shi shuka, sannan a jira kwana bakwai. Idan ya fito, kowa ya ɗiba, kuma a kaka kowane gida ya kai wa mai kawowa zangarniyar farko don girmamawa. Idan bai fito ba, asarar tasa ce shi kaɗai. An bar yin haka ne tun da iri ya fara zuwa a motar gwamnati.

Hamsatu ta ce da Hausarta ta mutanen dutse, "Mun bari ne saboda gwamnati ba shi da gona a nan."

Miriyamu ta ce, "Wanda ya kawo na bana yana da gona, Kaka. An ma yi mata huɗa."

Maganar ta bi tabarmin mata kamar wuta a busasshen kara, ta tsallaka wajen maza. Faɗan ya fara lafawa daga baya zuwa gaba. Jauro Gabdo ya saurari abin da aka raɗa masa, ya juya wajen liman, ya juya wajen fasto, sannan ya dogara sanda ya miƙe. Bai yi amfani da lasifika ba.

Ya ce, "Ba mu ce Malama ta yi gaskiya ba. Ba mu ce Kalibu ya yi ƙarya ba. Ƙasa za ta faɗa mana. Ɗanmu ne ya kawo iri, gonar ɗanmu ce ta farko."

Abin da ya sa hukuncin ya zauna shi ne kowane ɓangare ya ga nasararsa a ciki. 'Yan adawa suka yi ta dariya a tafin hannu. Ridwan kuwa, da yake da zuciya ɗaya ya yarda da irin, ya ce hakan ya yi masa daidai, nan da kwana bakwai Malama za ta zo ta roƙi gafara a wannan fili, kuma matasansa ne za su riƙe sungumi kyauta.

Kalibu ya fara neman hanya. Ya ce tarakta ba ta gama ba. Kawunsa ya ce ta gama, shi ya ba direban ruwa ya sha. Ya ce waken suya ya yi niyyar sawa bana. Aka ce waken suya sai nan da wata guda, kuma tun yaushe ake yi wa waken suya irin wannan huɗa. Ya ce dokar shiri ta hana ma'aikaci cin moriyar kayan rabo. Jauro ya ce ba moriya aka ce ya ci ba, al'ada aka ce ya cika.

Sai ya matsa wajen Eric yana yi masa raɗa da Turanci. Miriyamu ta dawo kusa da teburin tana naɗe buhunta, kuma tana jin Turanci sarai. Eric ya saurara, ya duba agogo, ya ce abin da ofishinsu ke jira shi ne hoton manoma suna shuka daga cikin buhunan nan yau, kuma babu hoton da ya fi na gonar kodineta da kansa da mutum ɗari a cikinta. Kalibu ya ce masa, ai ya san abin da ke cikin buhunan.

Eric ya ce, "Ni ban san kome ba. Buhu muka aiko maka. Kai ka cika."

Ya faɗa yana murmushi, ya yafito mai ɗaukar hoto.

Kalibu ya so direbansa ya ɗauki buhunan a ƙaramar motar nan mai ɗauke da irin Yola ya riga kowa zuwa gonar, wai don a rage wa mata wahala. Hamsatu ta ce a'a. Aka riƙe ta har bakin babbar motar, ta yi ta nuni da sandarta, wannan, da wancan na tsakiya, da na can ƙasa. Maza suka ɗauka a ka. Sauran buhunan aka shigar da su wani aji aka sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun liman, ɗaya a hannun fasto.

A bakin gonar aka farke buhuna gaban kowa. Al'ada ta ce mai kawowa ne ke jefa ƙwayar farko. Kalibu ya sunkuya cikin sabon ɗinkinsa, ya jefa ƙwaya uku a rami ya take da diddige, ya ɗago tafin hannunsa ya yi ja har wuyan hannu. Mai hoto ya ce ya sake, bai yi murmushi ba. Ya sake. Sannan maza suka jeru da sungumi suna sara, mata na biye suna jefawa suna takewa, ana waƙa, ana tsokanar masu jinkiri. Miriyamu ta cire takalmi ta shiga layi. Ba shuka kawai ta yi ba, bin kunyoyin ta yi ta yi tana duba zurfin rami da tazara, tana sa a sake inda aka yi ganganci. Wata 'yar adawa ta raɗa mata ta bari a binne shi da zurfi mana, ya mutu gaba ɗaya. Miriyamu ta ce ko kusa, gonar nan za a yi mata shukar da ba a taɓa yi wa wata gona ba, don kada gobe a ce hannu ne ya ɓata. Kafin la'asar an gama eka takwas.

Daga bakin gonar 'yan sanda suka tafi da Miriyamu Mubi. Ta rubuta bayani, ta rubuta abin da ta faɗa a fili ba ta rage kalma ba, Jauro ya aiko ƙanensa ya tsaya mata aka sake ta kafin magariba. Washegari takardar dakatarwa daga aiki ta same ta a gida. Ta karanta, ta ba Janet ta ajiye, ta hau babur ta koma Duvu.

Kwanakin jiran nan ba ta zauna ba. Ita da Hamsatu suka bi gidaje suna neman tsohon iri. Akwai waɗanda suka ɓoye kaɗan a gora cikin toka, akwai masu zangarniya biyar ko shida a rataye a rufin ɗakin girki, hayaƙi ya mai da su baƙi. Wasu sun ba da nan take, wasu sai da aka yi musu nasiha, wata tsohuwa ta rantse ba ta da ko ƙwaya har jikarta ta nuna tukunyar. Miriyamu ta jiƙa kaɗan daga kowane gida a buhun algarara, ta ware mai rai da marar rai, aka tara a ɗakin Hamsatu. Bai isa kowa ba. Ta zauna da masu gidaje ta faɗa musu haka, ta tsara wa zai sa masara a rabin gona ya cike sauran da dawa ko wake. Mutane da yawa ba su amsa gaisuwarta ba a wannan mako. Aka yi ruwa sau biyu, kuma duk wanda ya ga ruwa na wucewa gonarsa ba shuka, ita yake zagi.

Rana ta bakwai da hantsi ƙauyen ya taru a bakin hanya. Kalibu bai zo ba, ya aiko cewa yana taro a Yola. Gonar tana nan shimfiɗe, huɗa mai kyau, layi a miƙe. Tsiro ɗaya a nan, sai ka yi taku biyar kafin ka ga wani, shi ma siriri, rawaya-rawaya. Ridwan ya shiga kunya ɗaya ya bi ta har ƙarshe, ya dawo ta wata, ya tsuguna ya tona rami da yatsa, ya ciro ƙwaya ta narke masa a hannu. Ya fito ya zo gaban Miriyamu, ya rusuna kamar yadda ake yi wa uwa.

Ya ce, "Malama, a ina za mu sami iri?"

Ta ce, "Ɗakin Kaka. Ka zo da kwano, kuma ka zo da matasanka, akwai gonakin gwauraye."

A ranar aka fara shuka a Duvu, an makara da mako guda, amma abin da aka sa a ƙasa ya fito.

Gonar tana bakin hanya, duk mai wucewa zuwa kasuwa sai ya tsaya ya ɗauki hotonta a waya. A wasu gundumomi inda aka raba jan irin aka shuka ba tare da jira ba, gonaki ɗaruruwa suka tashi haka, kuma can babu wanda ya tara tsohon iri. Da ƙorafi ya yi yawa, Kamfanin Zangarniya ya fitar da sanarwa cewa wani kodineta ya ci amanarsa da ta shugaban ƙasa, ya haɗa da hoton Kalibu yana shuka da jan hannu a matsayin shaida. Shekarar da ta biyo baya kamfanin ya canja suna aka ba shi kwangilar taki. Miriyamu ba a mayar da ita aiki ba, takardun ritayarta suna nan a wani tebur ana cewa ta dawo wata mai zuwa. Har yanzu idan damina ta matso, mutanen Duvu ba sa shuka kome sai sun aika babur Nassarawo ya ɗauko ta.

Kalibu Zacharia kuwa an kore shi daga aiki a watan Agustan shekarar da ya kawo irin. A watan Nuwamba kotu ta ɗaure shi shekara huɗu, babu zaɓin tara.